Kujerar Baba a Bakin Ƙofata

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa na samu kuɗi na manta da mutane, ku yi haƙuri, a kwance nake.

Ciwon ya fara ne daga ƙuguna na dama. Na ɗora wa zaman mota laifi, tunda kullum Suleja zuwa Abuja mu huɗu ake cusawa a baya. Wata uku ina shafa man zafi, har ranar da na kasa tasowa daga sujada.

Hoton farko da aka ɗauke ni a asibiti bai nuna komai ba. Na biyu, mai tsadar, shi ya nuna ƙashin ya fara ruɓewa. Likita ta ce sai tiyata, kuma in na ƙara jinkiri ƙafar za ta tafi.

An yi aiki lafiya. Kwana goma sha biyu na yi a asibiti, awon jini da safe, wankin ciwo da hantsi. Wankin nan ya sa ni kuka a gaban matata Hajara, ban ji kunya ba. Abin da nake jira kullum shi ne allurar kashe zafi.

Da aka sallame ni aka ce a daina allurar. Ni ban daina ba. Wani abokina ya riƙa samo min ita, yana tura kwalaben a cikin burodi ya kawo min dubiya.

A nan Baba ya shigo labarin.

Waɗanda suka san mu sun san mahaifina shekara goma sha ɗaya yana manajan wani mawaƙi da ya yi tashe. Kowa ya san muryarsa, amma kaɗan suka san shaye-shaye ya kama shi. A gidanmu muna ce masa babban ɗan Baba, ba da daɗin rai ba. Sallah, saukar karatuna, rashin lafiyar Umma, duk Baba yana can wurinsa.

Da aurena ya tashi na aika masa saƙo ta bakin Umma, cewa in bai zo ɗaurin auren ba kada ya ƙara kirana ɗansa. Ya zo, ya kashe wayarsa, ya wuni da mu har la'asar. A satin aka sanar mawaƙin ya rasu. Allah ya yafe min, abin da na ce shi ne to yanzu sai Baba ya dawo gida. Shekara shida daga nan, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Sati biyu da sallamata ya zo duba ni. Ya ga yadda nake gyangyaɗi ana cikin magana, ina susar hannu. Washegari sai ga shi da jakarsa da kujerar roba. Ya kafa ta a bakin ƙofar ɗakina, daga waje.

Na ce wa Hajara, kin gani ko, ko a jinya ma ba zai iya zama kusa da ni ba.

Duk kular abincin da aka kawo sai ya buɗe ya juya da cokali. Duk leda sai ya zazzage. Surukata ma ba ta tsira ba, har fushi ta yi. Da abokin nan nawa ya zo, Baba ya karɓi burodin ya matsa shi da hannu biyu, ya raba shi. Ya zuba kwalaben a aljihu, ya raka abokin nawa har titi, bai ɗaga murya ba.

Kwana biyu babu allura na ga tashin hankali. Gumi, amai, zawo, ga sanyi a cikin ƙashi da tsakar rana. Na tsorata sosai, na ɗauka mutuwa ce. Na yi ta roƙonsa, da ya ƙi na ce masa ai wancan da ya bar mu dominsa ma bai hana shi mutuwa ba.

Bai juyo ba ya ce, "Nasiru, shekara goma sha ɗaya ina zaune a bakin ƙofarsa kamar haka. Rana ɗaya na tashi, aka shigar masa da abin. Wannan karon ba zan tashi ba."

Ban tambaye shi wace rana ce ba. Ni na zaɓi ranar da kaina.

Da yamma ya mayar da ni wurin likita. Ta ce kada a yanke min lokaci ɗaya, aka ɗora ni a kan magani ana ragewa a hankali, kuma a hannun Baba yake. Wata uku muka yi a haka. Yanzu ina taka ƙafata da sanda, jikina babu komai.

Ranar da na fara fitowa tsakar gida na durƙusa na nemi gafararsa, na ce ni na jawo. Ya ce in tashi kada in fama ƙafar. "Ba kai ka kai masa ba. Kuma ko yau aka sake, zan zo aurenka."

Har yanzu abin yana cina. Shekara shida yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ni kuma ina masa gaisuwar maƙwabta.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata da ma'aikatan jinya, da Hajara, da Umma, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san me ake ciki ba.

Ciwon da ya wuce sati biyu ku kai shi asibiti. Allurar zafi kuwa, in likita ya ce a tsaya amma jikinku ya ƙi, ku koma ku faɗa masa, kada ku aiki aboki. Wanda kuma yake riƙe da iyayensa a rai, ya je ya tambaye su abin da ya faru tun suna da rai.

Baba ya koma gida makon jiya, ya bar kujerar. Hajara ta so ta ɗauke, na ce ta bar ta a inda take.