Keken da Yaya Ya Ba Ladan

Yayana ya ɗauki kekena ya bayar sadaka, ina raye, ina cikin gari, ko shawara bai yi da ni ba. Ba a ɓoye ya yi ba kuwa. A ƙofar masallaci ya yi bayan sallar la'asar, gaban jama'a. Ya janyo keken daga jikin bango inda na jingine shi, ya miƙa wa ladan, ya ce Allah ya kai lada kabarin babanmu. Ni ina ciki a kan kujerar robata ina kokawar miƙewa, na ji ana ta amin a waje, ni ma na ce amin. Ban san kekena nake wa ba.

Duk wanda ya san garinmu ya san abin da aka bayar da sunan mamaci gaban mutane ba ya dawowa. Wa zai je ya ce a mayar masa da ladan ubansa? Yaya ya san haka sarai. Shi ya sa ya zaɓi ƙofar masallaci.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ne babba, ni ne ƙarami, kuma har yau da furfura a gemuna Auta yake kirana. Shi yake goya ni ya ƙetarar da ni rafi da damina in za ni makaranta, makarantar da ban gama ba. Na bar ta na koma dako a Kwanar Dangora, lodin masara da shinkafa, tun ina saurayi har na tara iyali. Wata kaka ina saman mota ina jera buhuna, igiya ta tsinke, na taho ƙasa tare da buhun. Buhun bai ji komai ba. Ni ƙafar hagu ta karye dab da gwiwa.

Yaya ne ya zo daga gona da taɓo a ƙafarsa, ya ɗauke ni kamar yaro ya kai ni gun maɗori. Shi ya danne mini kafaɗu ana jan ƙafar, ina zaginsa yana cewa in yi salati. Duk kwanciyar da na yi, shi yake juya ni, shi yake riƙe ni zuwa bayan gida, hatsin gidana daga rumbunsa ya fito. Ba zan ɓoye wannan ba don ina jin haushinsa.

Ƙashi ya haɗe, amma gwiwa ta sandare kamar taɓarya. Dako ya ƙare, wannan ban damu ba sosai, dama baya ya gaji. Abin da ya ci mini rai shi ne ƙasa ta yi mini nisa. Sallah sai a kujera, can ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka girmi babanmu. Kuma a wurinmu ƙarami ba ya gaida babba a tsaye. Tun da na yi wayo, in na je gun Yaya da safe sai na tsuguna. Yanzu sai in tsaya masa a ka kamar ɗan sanda, shi yana zaune yana ɗaga kai. Shi bai taɓa magana ba. Ni ne abin yake ci.

Aka tura ni asibiti Kano, ɓangaren masu gashin ƙashi. Wata yarinya ce ta karɓe ni, ba ta fi 'yata ta fari ba, amma hannunta kamar na maƙeri. Ta ɗora ni kan wani keke da aka kafe a ƙasa, ba taya, ta ce in murza. Na murza ina hawaye. Ta ce gwiwar nan kullum take so a juya ta, in aka bar ta za ta daskare a haka, kuma daga nan ba mai buɗe ta. Na ce mata ni ba zan riƙa zuwa Kano ina hawan keken da ba ya zuwa ko'ina ba. Ta yi dariya ta ce ai mai tafiyar ma zai yi, in dai zan guji tsakar rana in riƙa shan ruwa.

Keken babanmu yana rataye a zaure tun rasuwarsa, baƙi, dogo, mai birkin ƙarfe, kaji sun mayar da kariyar bayansa ta ɗaura kaya wurin kwana. Na sauke shi na kai gun mai gyara. Da farko sai da aka ɗaga sirdin can sama, don ƙafar ba ta lanƙwasawa, ina hawa kamar wanda ya hau raƙumi. Mai gyaran ya ce duk sanda na ji gwiwa ta saki, in sauke sirdin kaɗan. Da haka nake gane ko ina samun sauƙi, ba da bakin masu ce mini sannu ba.

Sai dai akwai matsala. A garinmu magidanci ba ya hawa keke haka kawai. Ko dai akwai buhu a baya, ko taki, ko ana gaggawar jana'iza. Ina fitowa za a tare ni, ina zuwa? In na ce ba ko'ina, sai a dube ni a dubi juna. Wani har ya tambayi maiɗakina ko faɗuwar ta taɓa mini kai. Ita ce ta ba ni dabara. Ta ce mutane sun yi ta zuwa dubiya daga ƙauyuka ina kwance, kuma al'ada ce in mutum ya tashi ya bi su ya yi godiya. Ta ce in bi su ɗaya bayan ɗaya, ba mai tambayata kuma.

Lokacin bazara ta kama sosai. Ina idar da asuba, gari na yin haske, zan ɗaura gorar ruwa a kariya in fita. Iskar safen nan 'yar kaɗan ce, kafin ka kai Badafi ta ƙare. Daga nan rana ce kawai, gonaki fayau an share su ana jiran ruwa, ƙasa ta yi fari, ƙadangaru ma sun nemi inuwa. Na koyi jiƙa ƙyalle in sa ƙarƙashin hula. Na koyi rage iskar taya kaɗan, don in zafi ya yi yawa faci yakan ɗago. Na koyi kada in bar keken a rana in shiga gaisuwa, don ranar da na yi haka na fito na zauna kan sirdin, sai da na kira sunan Allah da ƙarfi gaban matan mutane.

Amma abin mamaki, gwiwar zafin take so. Da sanyin safe tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, rana na ɗagawa gumi ya karyo sai ta yi laushi, ta riƙa bin feda ba gardama. Akwai wata gangara bayan Ba'awa da nake sakin birki, riga ta cika da iska, gumin ya bushe ya bar gishiri a wuya. Ni da na shekara a kwance ina kallon azarar ɗaki, wallahi a gangaren nan har waƙa nake yi, in na duba ba kowa. A gindin mangwaro nake hutawa, in tsinci waɗanda suka faɗo in sha, ƙudaje na taya ni. Akwai wani dattijon Bafulatani da rugarsu ke bakin hanyar Tudun Wada, kullum ya gan ni sai ya ce kaɗo, wato ni Bahaushe, ya rasa aikin yi, rana ma yake kiwo. Sai ya sa a kawo mini nono mai sanyi daga ƙwarya. Shi kaɗai ne bai taɓa tambayata ina zuwa ba.

Sirdi ya yi ta sauka. Wata safiya a ɗakina, ba kowa, na dafa gado na gwada tsugunawa, na kai rabi. Ban faɗa wa kowa ba. Na ce sai na kai ƙasa, in je in tsuguna gaban Yaya ba zato, in ga fuskarsa.

To, masu dubiya ba su da yawan da za su ishi bazara guda. Da na gama da su sai na sake zagayowa. Nan kuskuren ya shigo. Zuwa na farko godiya ce, kowa ya gane. Zuwa na biyu kuwa, mutumin da ya rasa sana'a, ga iyali, ya keto wannan rana a kan tsohon keke ya zo ya sake gaishe ka, bai ce komai ba? Mutanenmu suna da kunya, kuma suna da kirki, sai suka fassara abin yadda suka saba. Ina ciki ina gaisawa, a waje an ɗaure mini ƙullin masara a kariya. Wani gidan gero, wani daddawa, wani har zakara. In na ce a'a, sai a ce haba, ai ba komai, kowa da ranarsa. Na yi bayanin gwiwa har na gaji, suna gyaɗa kai irin na wanda ya gane kana rufa wa kanka asiri ne. Mayar da kyauta kuma cin fuska ne. Haka nake dawowa da zakara yana leƙe ta bayana.

Magana ta je kunnen Yaya a kasuwa. Wai ƙaninsa yana yawon maula ƙauye ƙauye, shi yana nan da rumbu cike da babur a ƙofar gida. Wanda ya faɗa masa ya ƙara da cewa wata rana za a tsince ni a hanya rana ta kashe ni. Yaya bai kira ni ba, bai tambaye ni ba. Shi a wurinsa har yanzu ni ne yaron da ake goyawa a ƙetare rafi, ba a shawara da wanda ke goye. Sai ya yi abin da ya yi. Da yamma ya aiko mini da buhun masara da makullin babur ɗinsa, wai duk inda za ni in hau.

Babur! A kan babur ƙafa zaune take kamar amarya. Na mayar masa da makullin, masarar kuma maiɗakina ta hana ni mayarwa.

Na nemi aron keke a unguwa, kowa ya ce nasa ba iska. Sun ji abin da babba ya yanke, ba mai shiga. Na gwada tafiya da ƙafa, ba ta yi mini abin da feda ke yi. Kafin wani lokaci gwiwar ta fara komawa gidan jiya. Na dafa gado na gwada, ko rabin da na kai da ban kai ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa da yamma, kuma na san in ruwa ya sauka hanyoyi suka zama taɓo, sanyi ya shiga ƙashi, shi ke nan, ni da kujerar roba har kabari.

Na daina zuwa gaida Yaya. Wannan shi ne karo na farko a rayuwata.

Daga ƙarshe na je gun ladan. Tsoho ne gajere, idonsa ɗaya ya yi hazo, rabonsa da hawa keke tun yana saurayi. Na tarar da keken a zaurensa an lulluɓe shi da tabarma, an sauke sirdin har ƙasa, taya ta fara saki. Na faɗa masa komai. Ya ce sadaka dai ba zai mayar ba, ba zai taɓa ladan babanmu ba. Amma keken nasa ne yanzu, kuma bai taɓa jin inda aka hana mutum ba da aron abinsa ba, aron ma lada ne. Ya ce yana da 'ya da ke aure a Ba'awa, yana so a riƙa kai mata gaisuwa, ko kullum ne. Sharaɗinsa ɗaya, in je in faɗa wa yayana da bakina tukuna, don shi ba zai shiga tsakanin 'yan uwa ta bayan gida ba.

Na sami Yaya gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana gyara ƙotar fartanya. Akwai mutane, sai na tsaya gefe har suka watse. Shi ya yi mini nasa gaban jama'a, ni ba zan yi masa haka ba. Ya rame, ko idona ne. Bai ɗago ba, ya dai matsa ya bar mini gefen tabarma.

Ya ce, "Ka tuna hanyar gidan ke nan. Zauna mana, Auta, ka tsaya mini a ka."

Na ce, "Yaya, ba zan iya ba, kuma abin da na zo faɗa ke nan. Dubi yadda nake gaishe ka, a tsaye, kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Saura kaɗan in kai ƙasa ka ɗauke keken. Ba bara nake yi ba, ban taɓa kwana da yunwa ba kana raye, kai ma ka sani. Gwiwata nake nema. Kai ka ji kunyar mutanen kasuwa, ba ka tambaye ni ba, ka ɗauki ƙafata ka ba ladan. Na ji haushinka, har yanzu ina ji. Gobe da safe zan karɓi aron keken in hau, ba izini na zo nema ba, faɗa maka na zo yi. In sun ce maula ce, ka ce musu e, ƙaninka ne. In ka ga zan wuce ka juya baya. Amma ka bar mini gefen tabarmar nan, kada ka ba kowa. Ranar da gwiwar ta lanƙwasu, nan zan fara zuwa."