Husaini ya iya ruwa

Matso kusa ka ji. Ni ba mai yawo ba ce, ko gidan biki sai an ja ni. Yaƙi ne ya kawo ni Bunkure.

Ran nan da safe ina suyar ƙosai a ƙofar gidanmu a Injamena, ƙasar Cadi. Tagwayena, Hasan da Husaini, 'yan shekara goma, suna faɗa a kan guntattakin ƙosai. Ƙarfe bakwai muka ji dum daga wajen bariki, har mai ya yi tsalle a kasko. Ubansu ya tafi kasuwa tun da sassafe. Har yau bai dawo ba.

Da hantsi harsashi na huda kwanon rufi. Kafin azahar muna bakin kogi, ko takalmi babu. Kwale-kwale ya cika har ruwa na lasar bakinsa. A tsakiyar kogi aka buɗe wuta. Matuƙin ya yi ihu: "Ku kwanta!" Kowa ya kwanta gefe ɗaya. Jirgi ya karkata. Hasan ya faɗa ruwa. Husaini ya kama hannunsa, hannun ya sulɓe. Cikin mu uku babu wanda ya iya ruwa. Da la'asar muka taka ƙasar Kamaru, mu biyu.

Kawuna ne ya ɗauko mu zuwa nan. Na shiga tsinkar tumatir a gonakin rani. Husaini ya shekara ba ya cewa komai sai "to". Yara na kiransa beben Cadi. Sai Sani, ɗan maƙwabcinmu, ya riƙa jansa kanal ɗin ban-ruwan gonaki, inda suke tseren iyo daga gada zuwa gada. Ranar da na ga wandon Husaini a jiƙe, na zane shi da tsumagiya har hannuna ya gaji. Sani ya tsaya a soro yana ba ni haƙuri, wai a ruwa kaɗai Husaini yake dariya, kuma dariyar tasa kamar kukan akuya. Na kore shi. Washegari suka koma.

Bara da rani Husaini ya shigo gida, yara na biye da shi suna shewa, wai ya tsere wa kowa har samari. Ya jira suka watse. Ya tsuguna a gabana, ruwa na ɗiga daga kansa.

"Inna, yanzu na iya. Da yau ne, da na ciro shi."

Na zuba masa tuwo. Kwano biyu nake wankewa yanzu, da huɗu ne.

Kai da kake saurarona, da kai ne ni, me za ka ce masa?