Salome da Kurar Turawa

Kowace Litinin Salome Yosiya kan fito daga gidanta na Mount Hope, jaka a kafaɗa, kular tuwo a hannu, ta hau jirgin ƙasa ta bar New York zuwa wani ɗan gari a gindin duwatsu. Can take jinyar wani tsohon Bature, Mista Harol, wanda mantuwa ta cinye har sunan 'ya'yansa ya ɓace masa. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke shan zagi idan abin nasa ya motsa. A wannan watan ta ajiye aiki saboda ciwon gwiwa, kuma ban ga wanda ya buga mata ko gwangwani ba. To, ni zan buga.

Kwaku, direban tasi ɗan Kumasi da ke kai musu cefane, shi ne shaida. Wata safiya a 1994 tsohon ya sulale ya fita tsakar gida don watsa wa tsuntsaye hatsi, abu ɗaya da bai taɓa mantawa ba. Salome ta leƙa ta taga, sai ga wata ƙatuwar baƙar dabba ta kifar da kwandon shara, ta tsaya tsakanin tsohon da ƙofa. Shi kuwa bawan Allah ya miƙa mata hannu cike da hatsi, yana kiranta da sunan karensa da ya daɗe da mutuwa.

Salome 'yar ƙauye ce daga wajen Kagoro. A garinsu, dabbar da ke shigowa gari tana tonon juji sunanta ɗaya. Kura! Kowa kuma ya san kura, ga tsoro ga ban tsoro. Ta suri tukunya da ludayin ƙarfe, ta fita ko takalmi babu, tana kwaɗawa.

"Ke! Marar kunya! Da rana tsaka? Fice mana daga gida!"

Dabbar ta miƙe a kan ƙafa biyu, ta fi Salome tsawo nesa ba kusa ba. Salome ba ta fasa ba. Tana bugu tana matsawa gefe, har ta sa tsohon a bayanta. Dabbar ta yi gurnani, ta juya, ta haura shinge ta shige kurmi.

Sai a lokacin Kwaku, wanda ya iso da cefane ya ga komai, ya sauke gilashin motarsa.

"Ei, Anti Salome! Kin san abin da kika kora? Beyar ce fa, babban naman dajin ƙasar nan! Mari ɗaya, an gama."

"Ba kura ba ce?"

Ta zube a bakin ƙofa, hannunta riƙe da na tsohon. Litinin ta gaba ta koma bakin aikinta.

Ke ce uwar wanda ba ki haifa ba, Salome. Mun gode, Allah ya saka, ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma masu wannan aiki a unguwannin Bronx da Queens, da aka damƙa muku iyayen wasu, ga wadda za ku kalla.

Ranar Lahadi bayan sujada na tsokane ta. Na ce, "Mama, tsakani da Allah, da kin san ba kura ba ce, da kin fita?"

Ta harare ni.

"Ɗana, da babbar tukunyar zan ɗauko."