Shekarar da Aka Ce Kowa Sai Ya Yi Magana

Daga Gwiwa har Babura, in ana maganar gasar kimiyya ta 'yan sakandare, ni ne dodon malamai. Da sun hango ni na sauko daga babur da kwali a kai, wasu sai su fara tattara kayansu. Na sha faɗa a ɗakin malamai cewa ko jaki aka ba ni zan horar da shi ya ciyo kofi. Ana dariya, ni ma ina yi, amma har cikin raina na yarda.

Sirrina ba wani mai zurfi ba ne. Kowace shekara ina haɗa yara biyu, mai hannu da mai baki. Mai hannu ya ƙera, mai baki ya tsaya gaban alƙalai ya zuba Turanci. Haka doka ta yarda, haka kowa yake yi, ni dai na fi su iya zaɓe.

A shekarar da nake magana, mai hannuna wani dogon yaro ne mai i'ina. In ya fara "Ma-ma-malam", kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo. Amma ba shi wayar lantarki da filaya ka koma gefe. Da tsohon batirin babur, da ɗan faifan sola, da hon ɗin mota da igiyar gwangwanaye, ya haɗa abin korar jan-baki, tsuntsayen nan da ke cinye gero kafin a girbe. Yana kaɗawa da kansa, ya yi shiru, ya sake a lokacin da tsuntsu bai zata ba. Mun gwada a gonar maigadi, har tumakin maƙwabta sai da suka yi ƙaura.

Wanda ya ci a shiyya ana ba shi gurbi a makarantar kwana ta kimiyya. Yaron kuwa wansa yana haƙar zinare can cikin Nijar, kullum yana aiko masa ya taho. Mahaifinsu, dattijo manomi, ya ce da ni, "Malam, in ya samu gurbin nan, ya zauna. In bai samu ba, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi."

Na ce, "Baba, ka fara ɗinka masa zanin gado."

Ana gab da gasa shugaban makaranta ya dawo daga taro da sabuwar doka. Wai an gano manya ne ke ƙera wa wasu yara kaya, don haka daga yanzu kowane ɗalibi sai ya yi bayani da bakinsa, ana duba agogo, kuma ba za a kunna na'ura ba sai an haye bayanin. Ban ce dokar ba ta da dalili ba. Na san malamin da ya taɓa kai aikin mai gyaran rediyo ya ce na ɗalibansa ne.

Shugaban ya ce in sauya yaron. Na ƙi. Na lura ba ya i'ina in ana rera "biyu sau biyu huɗu" irin na 'yan firamare. Sai na ɗora masa bayanin nan gaba ɗaya a kan wannan karin. Ya hau kamar ruwa. Mai bakin, wata yarinya mai wayo, ta ce, "Malam, anya ba za su yi dariya ba?"

Na ce, "Su yi mana. Mai dariya ai ya saurara."

Yaron ya dube ni, ya koma kan na'urarsa.

Ranar gasa a Kazaure zauren ya cika maƙil, 'yan Roni a gaba da fararen riguna. Yarinyar ta yi nata tsaf. Shi kuma ya tashi, ya rufe ido, ya fara rerawa yana ɗan rausaya. Layin farko aka yi tsit. A na biyu wani daga baya ya amsa masa, "Huɗu sau huɗu!" Zaure ya fashe. Wasu suna buga benci, har ɗaya daga cikin alƙalan ya sa hula ya rufe fuska. Yaron bai tsaya ba, ya ci gaba.

Sai wata alƙaliya ta ɗaga hannu, ba da mugunta ba, ta tambaye shi me ke hana batirin ƙonewa in rana ta yi yawa. Ya sani. Shi ya sa abin da hannunsa. Ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya nuna wajen da yatsa, aka ce da baki ake so. Yana nan yana kokawa aka kaɗa ƙararrawa.

Ba a kunna na'urar ba. Yadda muka ɗauro ta haka muka mayar da ita, ko igiyar ba a kwance ba.

Bai dawo makaranta ba. Yara sun riga mu isa gari da waƙar, har 'yan talla suna rera ta. Kafin gero ya nuna na ji ya bi motar da ke fita ta Babura zuwa Nijar.

Na haɗu da mahaifin ran kasuwar Gwiwa, a rumfar masu igiya. Na durƙusa na gaishe shi, bakina kuma ya ƙi zama. Na ce dokar ce ta cuce mu, da a bara ne da kofin yana ɗakinsa, kuma duk ƙasar nan babu malamin da zai yi dabarar da na yi.

Ya gama duba igiyarsa, sannan ya ce, "Haka ne, Malam, babu. Tun yana ƙarami nake bin 'yan unguwa da sanda don kada su yi masa dariya. Kai kuwa mota ka ɗauka, ka kai shi inda suka fi yawa."