Gyaɗar da Muke Bar wa Gida

Gyaɗa nake saye ina sayarwa tun ban ajiye iyali ba. Ina ɗauko ta daga kasuwannin Hamdara da Tirmini, in kawo Damagaram, mata su zauna a zaure su tsince. Mai kyau ta tafi kasuwa. Wadda ta motse ko ta yi fumfuna kore-kore ta shiga gida. Duk dillalin da na sani haka yake yi. Ba a kai wa mai saye abin da zai ɓata maka suna, ba a kuma zubar da abin da zai shiga ciki.

A shekarun fari marar kyan ta fi yawa, domin gyaɗar da ta sha ƙishi a ƙasa ita ke saurin lalacewa. Hatsi ya yi wuya, sai muka koma kanta, ƙuli-ƙuli da miya da kunu. Ƙanena, wanda ke tuƙa mini kamyo, motar ɗaukar kaya, ya fi kowa ci. Aljihunsa ba ya rabuwa da ita.

Wancan fari ya wuce, bayan shekaru wani ya zo. A na biyun ne cikin ƙanena ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. A asibiti aka ce ciwon daji ne na hanta, kuma ya yi nisa.

Maƙwabcinmu a unguwar Zango malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Kirista, muna ce masa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ɗansa, wanda muka tashi tare, ya yi karatun likita a waje, amma ba ya duba marasa lafiya. Tsoka yake dubawa, ɗan abin da aka yanko daga jiki, yana bin ƙwayoyin halittarta don ya gano inda ciwon daji ya fara ɓarna. Ya zo hutu, ya shigo dubiya, ya tarar ana tsinta a zaure. Ya ɗebi mai fumfunar, ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.

"Wannan ina take zuwa?"

Na ce, "Cikinmu. Kai ma ka ci rabonka lokacin da kake tsallako katanga."

"Na ci," ya ce. Bai yi dariya ba.

Ya ce akwai guba a irin wannan fumfuna. In ita ce ta jawo ciwon, takan bar tabo iri guda a ƙwayoyin hanta, kamar shaidar wuta a jikin raƙumi. Yana so a ɗebo ɗan abu da allura daga hantar ƙanena ya tafi da shi.

"In ka duba zai warke?"

"Ba zai warke ba, Alhaji."

"To kai likitan me ne? Ko allurar zazzaɓi ba ka iya ba."

"Za ka san abin da ya kama shi. Iyakar hajata ke nan."

A kasuwa na koyi yarda da wanda ba ya yabon hajarsa. Kuma tun da ya juya gyaɗar nan a hannunsa nake son sanin ko ni na ciyar da ƙanena abin da ke kashe shi.

Ƙanena ya yarda nan take, ya ce ai an riga an huda shi ko'ina. Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta ƙi.

"Abin da aka cire daga jikin Musulmi binne shi ake yi, ɗan Mushe. Ba a yawo da shi a kwalba."

"Inna, zan dawo da abin da ya rage."

"Rantse."

"Mu ba ma rantsuwa, Inna. Amma na ce zan dawo da shi."

Ta dube shi, ta ce, "Haka ubanka yake." Ta yarda.

Ƙanena ya rasu kafin kaka. Sai da shekara ta zagayo likitan ya dawo. Ya same ni a rumfa, ya miƙo mini ɗan dunƙulen kakin kyandir, da ɗigo mai launin ƙasa a tsakiyarsa, abin da ya rage na tsokar hantar ke nan.

Na ce, "Tabon yana nan?"

"Yana nan."

"Gyaɗata ce ke nan."

"Gubar ce. Ba ta rubuta sunan dillali ba. Ya ci a tasha, ya ci a ƙauye, kuma da ma yana da tsohon ciwon hanta a jininsa, wanda ke taimaka mata."

"A gidana ya fi ci."

Bai musa ba.

Na kai wa Inna kakin. Ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta tambaye ni abin da aka gani. Na faɗa mata yadda aka faɗa mini, ban rage ba. Ta ce, "Ni na riƙa daka masa." Bayan la'asar na je maƙabarta na binne shi a gefen kabarin.

Tun daga ranar, abin da aka tsince ba ya shiga gidana, ba na kuma ba kowa sadaka. A bayan gida ake ƙona shi. Dillalai suka yi ta cewa Alhaji ya ƙoshi, ya fara ƙona abinci a shekarar yunwa. Na gaya wa biyu daga cikinsu dalili. Ɗaya ya bar kai marar kyan gidansa. Ɗayan ya ce kakansa ya ci ta har haƙoransa suka zube.