Muryar Babana a Cikin Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Edita, ina gaishe ka da sauran ma'aikatan wannan mujalla, ina kuma roƙon ɗan fili in ba da labarin abin da ya same ni, ko wani zai tsira da shi. A lokacin da abin ya faru ni malamin firamare ne a Zuru, ina zaune a gidanmu na gado a Rikoto tare da mahaifana. Ban yi karatun kwamfuta a makaranta ba, a waya na koyi ɗan abin da na sani, amma yadda nake ji da kaina sai ka rantse ni na ƙera ta. Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur ta gwanjo, mai ƙara kamar injin niƙa, ita ce abin alfaharina. Duk wanda ya shigo ɗakina sai na yi masa lacca a kanta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Har abokaina suka riƙa kirana injiniya don tsokana, ni kuwa ina amsawa da gaske.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Tawa ta zo da irin wadda kowa ya saba da ita, amma tsufa ya sa ta yi mata nauyi. Sai na ji labarin Linux, wadda kyauta ce, a buɗe take, mutane ne daga ko'ina a duniya suke haɗa hannu suna gina ta. Da na shiga bincike na tarar iri biyu ne a gabana. Akwai wadda ake fitarwa bugu-bugu, ka saka ta ta zauna maka shekaru ba ta canza kama, sai 'yan gyare-gyare. Akwai kuma wadda ba ta da bugu, kullum cikin sabuntawa take, duk abin da aka ƙirƙiro yau gobe yana wurinka. Masu ita sun rubuta ƙarara cewa tana son kulawa: a riƙa sabunta ta a kai a kai, kuma in za a sabunta a yi gaba ɗaya, kada a ɗauki wani ɓangare a bar wani. Na karanta wannan da idona. Amma ni a lokacin kalmar sabo kawai nake gani, na ce wancan nau'in na tsofaffi ne da matsorata. Ban tsaya na tambayi kaina ko mutumin da ke zaune a garin da wuta ke zuwa ta ga dama, data kuma sai an yi mata tanadi, ya dace da irin wannan ba. Na saka ta, kuma gaskiya ta yi mini aiki lafiya lau muddin ina bin ƙa'idarta.

Mahaifina tsohon soja ne, kamar iyayen mutane da yawa a ƙasarmu. Bayan ya yi ritaya ya koma gona da hira. Da na ga ƙarfinsa na raguwa, sai na fara ɗaukar muryarsa da waya idan muna zaune da yamma a gindin mangwaron tsakar gida. Da harshenmu na C'lela yake magana, ya ba da tarihin zuriyarmu, da yadda kakanni suka sauko daga dutse, da waƙoƙin noma, da labarin golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Wayata ba ta da wuri, don haka duk abin da na ɗauka sai in juye a kwamfuta in goge na wayar. Ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Na sha cewa zan yi, ban yi ba.

Ya rasu ana dab da saukar damina. Ba mu gama karɓar gaisuwa ba gonarsa da ke hanyar Dirin Daji ta faɗo a kaina, domin 'yan'uwana maza duk suna bakin aiki a nesa. Makaranta da safe, gona da yamma da ranakun hutu, in dawo ko takalmi ba na iya cirewa. Kwamfuta na lulluɓe ta da tsohon zanen mahaifiyata saboda ƙura, ban sake kunna ta ba har aka yi girbi aka kai dawa rumbu. Ban kuma yi marmarin kunnawa ba, don ban shirya jin muryarsa ba tukuna.

Da lokacin addu'ar cika shekara ya matso, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ba mace ce mai yawan roƙo ba, tun rasuwar ma ba ta nemi komai a wurina ba. Ta ce ta san ina da maganar babana a cikin akwatin nan nawa, tana so ta ji, kuma tana so 'yan'uwana da za su zo su ji bayan an taso daga coci. Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne. Da na tsaya a nan, na kunna na saka mata yadda yake, da ban rubuto wannan wasiƙa ba, domin kwamfutar ta tashi lafiya, komai yana wurinsa. Amma injiniya ya motsa. Na ce sai na tace sautin na haɗa shi wuri guda, kuma sai da sabuwar manhajar gyaran sauti, alhali tsohuwar tana aiki. Da na duba sabuntawar da ta taru tun kafin damina sai na ga tuli guda, datar da ke wayata ko rabi ba za ta kai ba. Sai na yi dabarar da aka ce kada a yi: na sabunta manhajar sautin ita kaɗai, na bar sauran.

Manhajar ta ƙi buɗewa. Na taɓa nan na taɓa can, wasu abubuwan ma da ke aiki da suka fara ƙi. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne sassan nan duk a jingine suke da juna, sabo ba ya zama da tsoho. Washegari na sayi data na ce bari in yi gaba ɗayan yadda ya kamata. An gama saukewa, tana tsakiyar shigar da su, aka ɗauke wuta. Ba ni da batirin da ke riƙe kwamfuta, ba ni da janareta. Da wuta ta dawo na kunna, sai baƙin allo da wasu 'yan layukan rubutu, daga nan ba ta ƙara gaba ba. Na kashe na kunna har na gaji. Na zauna a bakin gado ina kallon ta, a raina ina cewa shi ke nan na kashe muryar babana da hannuna.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Mahaifiyata ba ta san manhaja ba, ba ta san sabuntawa ba, abin da ta sani shi ne mijinta yana cikin akwatin. Kullum in na dawo daga makaranta sai ta tambaye ni ko yau zai yi magana. In ce mata wuta ce ba ta da ƙarfi, gobe in ce wata wayar wuta ce ta lalace. Ba ta taɓa yi mini gardama ba, sai ta gyaɗa kai ta koma bakin murhu, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Na rame, abinci ba ya shiga, a aji ma sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake rubutawa.

Da na rasa yadda zan yi, na ɗora ta a babur na kai wa wani mai gyara a kusa da kasuwa, dattijo ne Bahaushe da ya daɗe yana wannan sana'a. Na gaya masa abin da ke ciki da yadda yake a wurina. Ya ciro faifan ajiyar ya haɗa da tasa kwamfutar don ya kwashe mini kayan. Sai tasa ta nuna ba ta ga komai a ciki ba, har ta fito da tambaya ko a goge faifan a shirya shi sabo. Ya juyo da allon ya nuna mini. Ya ce a iya saninsa in faifai ya yi haka to ya tafi, abin da ya saura shi ne a yi masa fomat, wato a goge shi kaf, a saka manhajar da kowa ke amfani da ita, in samu ko kwamfutar ce in tsira da ita. Zuciyata ta riga ta mutu, haushin kaina ya cika ni, na ce masa ya goge kawai kowa ya huta. Ya kai hannu, sai ya tsaya, ya janye.

“Malam, ni dai ba ni shahe muryar mamaci da hannuna,” in ji shi. “Wanga abu naka ban san shi ba. Tahi ka tambayi waɗanda sunka san shi. In sun ce babu, ka dawo ka danna da kanka.”

Na ji haushinsa a lokacin, na ga kamar yana ja mini wahala ne. Amma na ɗauko kayana na dawo gida. Akwai wani dandali a intanet na masu amfani da irin wannan manhaja, wanda da nake shiga in karanta kawai, girman kai bai taɓa barina na yi tambaya ba. Ranar na ajiye girman kan, na rubuta duk abin da na yi da ɗan Turancina, ban ɓoye wautata ba. Na zaci dariya za a yi mini. Wani kam ya ɗan yi mini faɗa a kan rashin bin ƙa'ida, kuma ya yi daidai. Sai wata mata, wadda har yau ban san ƙasarta ba balle fuskarta, ta amsa mini da cewa kada in bari kowa ya taɓa faifan. Ta bayyana mini cewa kwamfutar mai gyaran ba ta iya karanta tsarin da Linux ke ajiye kaya ba ne, shi ya sa ta ga kamar babu komai, amma da wuya a ce kayana sun tafi. Abin da ya karye hanyar tashi ce kawai.

Ta bi da ni a hankali kamar mai koya wa yaro tafiya. Ta ce in sami filash in saka masa Linux ɗin da ke tashi daga jikinsa, in tayar da kwamfutar da shi, in leƙa faifan daga nan. Na koma wurin dattijon nan, domin shi ke da sola, ba na so wuta ta sake yi mini abin da ta yi. Ya ba ni wuri a kan bencinsa, ya ja kujera ya zauna yana kallo, ya ce shi ma yana so ya koya. Duk inda na maƙale sai in ɗauki hoton allon in tura mata, in jira, ta amsa. Da faifan ya buɗe sai na ga jakar da na sa wa sunan babana, da duk abin da ke cikinta. Dattijon ya yi hamdala, ni kuma na sunkuyar da kai na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Kafin in taɓa komai sai da na kwafe muryoyin a wani filash, na kuma tura wa 'yan'uwana. Bayan nan ta nuna mini yadda zan ƙarasa sabuntawar da ta katse, kwamfutar ta tashi kamar ba abin da ya taɓa samunta.

Ban jira ranar addu'a ba. Da na isa gida na kira mahaifiyata ɗakina, na ba ta kujera, na kunna mata ba tare da na gyara komai ba. Aka yi dace wurin da ya fito shi ne inda babana yake ba da labarin golmon da ya yi a gonar mahaifinta, yana cika baki cewa shi kaɗai yake gama kunyar da samari uku ke fama da ita. Ta zuba wa lasifikar ido, ta kama bakin zanenta ta riƙe. Can sai ta ɗaga murya da harshenmu, kamar yana zaune a gabanta.

“Ƙarya kake yi,” ta ce. “A gindin ɗorawa kake kwana, ƙannenka ke yi maka noman.”

Ta yi dariya, dariyar da ban ji ba tun rasuwarsa, hawaye na zuba, ta ce in mayar da shi baya ta sake ji.

Edita, ban daina amfani da Linux ba, kuma ban ga laifin masu nau'in da ke sabuntawa kullum ba, sun faɗi sharaɗinsu ni ne na taka. Yanzu dai na koma irin wadda ke zama shekaru ba ta canzawa, don ita ta dace da mutumin da damina ke raba shi da kwamfutarsa. Shawarata ga mai son zaɓa, kada ya duba abin da ake yayi, ya duba wutar garinsu da datarsa da lokacinsa. In ya ɗauki mai sabuntawa kullum, ya riƙa bin ta a kai a kai, ya yi gaba ɗaya, kuma kada ya fara sai yana da wutar da ba za ta yanke ba. In ta lalace kada ya yi saurin yarda a goge, ya tambaya, akwai mutanen kirki da ke amsawa ba don an biya su ba. Abin da ba ya da madadi kuma, kada a bar shi wuri guda ko na kwana ɗaya. Ina gode wa Allah, ina gode wa matar da ban sani ba, ina gode wa dattijon da ya ƙi bin umarnina. Ni da bakina na ce a goge. Da ya ji maganata, da mahaifiyata tana nan har yau tana tambayata ko yau zai yi magana, ni kuma ina neman ƙaryar da zan yi mata.