Hasken da Ya Raba Ni da Miyar Goggo

A hutun shekarata ta ƙarshe a jami'ar Damagaram na zo Bande da wata na'ura da malaminmu ya ba ni aro. Girmanta bai wuce kwanon sha ba. A cikinta akwai ɗan gilashi da aka shafa wa wani sinadari wanda ba ya kama komai sai gubar da hunhuna ke bari a jikin gyaɗa. Idan gubar ta maƙale, hasken da ke bi ta gilashin sai ya karkata, layi ya tashi a allo. Ina son hasken nan. Ja ne, siriri, kamar zaren da aka tsoma a lalle.

Goggo, yayar babana, ita ta raine ni. Kamar kowace mace a unguwar, takan tsince gyaɗarta a faifai: masu ƙiba na kasuwa, yanƙwanannu na gida, a daka a yi wa jikoki miya. Ba a zubar da abinci.

Na gwada duka biyun. A ta kasuwa layin bai motsa ba. A ta gida ya miƙe tsaye.

Da aka zuba tuwon rana na kasa sa hannu. Na ce, "Goggo, don Allah kada yaran nan su ci miyar nan. Gubar da ke cikinta tana cin hanta a hankali."

Ta aje ludayi. "To, 'yar lakwal mai ilimin boko, guba nake ba su ke nan?"

"Ba haka na ce ba, Goggo."

"Wannan miyar ce ta yi miki ƙafafun zuwa Damagaram. Yanzu kin dawo da fitila kina haska mini tukunya! Haska bakinki mana, mu ga abin da ke ciki."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Wata ta tura mini kwanon da ƙafa. Goggo ta gutsiri loma, ta dangwala sosai, ta haɗiye tana kallona.

Kafin la'asar ta sa an kira mai babur ya kai ni gidan babana a Magaria. Ko sai wata rana ba ta ce mini ba.

Ƙanwata da ke wurinta ta ce yanzu Goggo binne yanƙwanannun take yi a bayan danga, amma ta hana a ambace ni a gidan. Da salla na aika mata da turmin zane. Ya dawo a ƙullinsa.